Idan Baki Ya Ƙi Buɗuwa Bayan An Cire Haƙori

(Jawabin da kwamitinmu na lafiya ya gabatar a taron 'yan unguwa a Dilimi, Jos)

Mun gode ƙwarai da kuka rufe shaguna da gareji, waɗansu kuma suka baro lambu, kuka zo kuka zauna, ga shi kuwa sanyin Jos ya fara kaɗawa. Ba za mu riƙe ku da yawa ba.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana, wani ɗanmu ne, bakanike a nan unguwar, ba sai mun ambaci suna ba. Turminsa na ƙarshe na ƙasa ya dame shi, ya je asibiti aka cire, aiki ya yi kyau ya dawo gida. Bayan kwana biyu ya tashi da safe zai sha koko, cokali ya ƙi shiga. Nan fa gida ya rikice. Wani ya ce iska ce, wata ta ce hangum ne, wani kuma ya rantse likita ne ya tsinka masa jijiya. Ƙarshe dai kawunsa ya sa aka riƙe shi, ya cusa gindin cokali tsakanin haƙora ya banƙara. Baki bai buɗu ba, sai haƙorin gaba da ya gutsure. Da aka mai da shi wurin likita, abin da aka ba shi bai wuce maganin rage zafi da gashi da ruwan ɗumi da koya masa motsa baki ba. Cikin kwana goma yana cin tuwo. Haƙorin gaban nan kuwa yana nan a gutsure, in ya yi dariya kowa ya gani.

To, me ke kawo wannan? Ku ɗora yatsa a gaban kunnenku, ku buɗe baki ku rufe. Abin da kuka ji yana motsi, ita ce gaɓar da ta haɗa muƙamuƙin ƙasa da ƙoƙon kai. A kowane gefe akwai tsoka huɗu masu aikin tauna. Uku daga cikinsu aikinsu rufe baki ne, kuma ƙarfi gare su ba kaɗan ba, su ne ke fasa mana goro da rake da ƙashin kaji. Ɗaya tana nan a kumatu, in kun cije haƙora za ku ji ta ta kumburo. Ɗaya tana gefen kai sama da kunne. Ta ukun tana can ciki, bayan turmin ƙarshe, ba a ganinta ba a taɓa ta da hannu. Wannan ta cikin ita ce ta fi ba da wahala, domin idan likita zai cire haƙorin ƙasa, allurar kashe zafin da zai yi a daf da ita take wucewa. Wani lokaci allurar ta ɗan sosa tsokar, ko ɗan jini ya taru a ciki. Tsoka kuwa in ta ji rauni ɗaurewa take yi don ta kāre kanta, kamar dai yadda ƙafa kan riƙe wa ɗan ƙwallo. Haɗa da cewa mutum ya yi rabin sa'a ko fiye baki a wangale, ga kumburin da kan biyo bayan aiki, musamman in turmin nan ne na can ƙurya, mai fitowa tsakanin shekara 17 zuwa 25, wanda sau da yawa a karkace yake fitowa har sai an tsaga dasashi kafin a ciro shi. Saboda haka ba lalle ne a ce likita ya yi kuskure ba. Ko a hannun gwani abin yana faruwa.

Akwai ma'auni mai sauƙi da kowa ke yawo da shi. Babban mutum mai lafiya yana buɗe baki kamar milimita 40 zuwa 50 tsakanin haƙoran gaba na sama da na ƙasa, likitoci kuma suna ɗaukar abin da ya gaza milimita 35 a matsayin matsala. Mu da ba mu yawo da rula a aljihu, sai mu jera yatsu uku, manuni da na tsakiya da na zobe, mu sa su a tsaye tsakanin haƙora. In sun shiga, lafiya lau. Yatsun mai bakin za a sa, ba na maƙwabcinsa ba, don hannun maƙeri da na tela ba ɗaya ba ne. Mai fama da wannan ya riƙa gwadawa kowace safiya. Jiya ɗaya, yau ɗaya da rabi, jibi biyu, to ana samun sauƙi ke nan. Irin wannan riƙewa ta fi tsanani a kwana na biyu da na uku, sa'an nan ta fara saki, galibi cikin mako ɗaya zuwa biyu ta wuce.

Abin yi a gida ba shi da tsada. Ranar da aka yi aikin ba a gashi, don kada jini ya ɓalle. Daga kwana na biyu ko na uku sai a jiƙa tawul a ruwan ɗumi, ba tafasasshe ba, a matse a ɗora a kumatu kamar minti 15 zuwa 20, sau da yawa a yini. A kurkure baki a hankali da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri. A sha maganin da likita ya rubuta yadda ya rubuta. Mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda, da mace mai juna biyu, su gaya wa likita kafin su sha irin su ibufurofen, kada a je kemis kawai a ce a haɗo. Bayan an yi gashi, tsoka ta yi laushi, sai a buɗe baki iyakar inda zai je ba tare da azaba ba, a ɗan riƙe, a rufe, a kai haɓa dama a kai hagu, a yi ta maimaitawa na 'yan mintoci, sau uku ko huɗu a rana. Waɗansu likitoci kan ce a tauna cingam. Waɗansu kan ba da 'yan katakan nan da suke danne harshe da su, a jera su tsakanin turame, kullum a ƙara ɗaya. Kun ga bambancinsa da cokalin kawu: wannan mai bakin ne da kansa yake yi, kaɗan-kaɗan, kuma a turame, ba a haƙoran gaba ba.

Kuma kada a ce tun da yana ciwo bari a bar shi ya huta. Nan ne mutane da yawa ke yin asara. Jinin da ya taru a tsoka in aka bar shi makonni ba motsi, tabo yake zama, tabo kuwa ba ya miƙewa. Abin da tawul zai warkar a mako biyu sai ya koma na watanni ana zarya asibiti.

Abinci kuwa, iyayenmu mata kun fi mu sani. Kunun gyaɗa, koko, fura da nono mai ruwa-ruwa, faten dankali da aka dama ya yi laushi, gwaten acca, romo. Tsire da kilishi da rake su jira. Kada a sha da tsinken roba na zuƙo lemo a kwanakin farko, domin zuƙar na iya fizge gudan jinin da ya toshe ramin haƙorin, shi kuma wani ciwo ne mai zafin gaske. Masu shan taba ma haka, su daure.

Yanzu mu zo inda muke so kowa ya buɗe kunne, domin ba kowace riƙewar baki ce ta tawul ba. Akwai biyu masu kisa, kuma da farko kamarsu ɗaya da wadda muka gama bayani.

Ta farko ita ce ta mugunya. Ƙwayoyin cuta daga ruɓaɓɓen haƙori, ko daga ramin da aka cire shi, sukan bi ta tsakanin tsokoki su taru. Alamarta, maimakon sauƙi bayan kwana uku sai abin ya riƙa ƙaruwa. Jiya yatsa biyu, yau ɗaya. Ga zazzaɓi, ga kumburi mai tauri da zafi, ga wari ko ɗanɗanon mugunya a baki. In kumburin ya gangaro ƙarƙashin haɓa ta gefe biyu, harshe ya tasa sama, miyau na zuba don ba ya haɗiyuwa, murya ta canja, mutum ya kasa kwanciya rigingine sai a zaune, to hanyar numfashi ce ke toshewa. Wani likita Bajamushe mai suna Ludwig ya yi bayanin wannan ciwo tun 1836, da sunansa ake kiransa a asibiti. Ba ya jiran gari ya waye. Ko ƙarfe biyun dare ne a nemi mota. Masu ciwon sukari su suka fi shiga wannan haɗari. Kuma don Allah kada a kai wa wanzami ya yi sakiya. Muna girmama wanzamanmu, amma mugunyar nan tana can ƙasa, kusa da manyan hanyoyin jini na wuya, ba inda aska ke kaiwa ba ne. Haka nan haɗiyar kafso biyu-uku daga kemis kan lafar da zazzaɓin kawai, mugunyar na nan tana cin gaba.

Ta biyu ta fi shafarmu mu mutanen Dilimi, wato tetanus, wadda ake ce wa sarƙe-haƙora. Ku dubi sana'o'inmu. Masu kayan gyaran mota da makanikai da 'yan gwangwan kullum hannu cikin ƙarfe, yanka ba ya ƙarewa. Masu lambu a bakin kogin Dilimi kullum ƙafa cikin laka da taki. Ƙwayar wannan cuta a ƙasa take zaune da kashin dabbobi, tana iya shekaru ba ta mutu ba. Ba tsatsa ce ke kawo ta ba kamar yadda ake faɗa, ƙusar dai ta huda ne ta shigar da dattin ciki. Daga shigarta zuwa bayyanarta kwana 3 ne zuwa 21, kuma a mafi yawan mutane alamar farko ita ce muƙamuƙi ya riƙe. Ga inda haɗarin yake: mutum ya taka ƙusa a gareji mako biyu da suka wuce, ya ɗaure da tsumma ya manta, a makon nan kuma aka cire masa haƙori. Baki ya riƙe, kowa ya ce ai haƙorin ne, a yi ta gashi ana ɓata lokaci. Haka nan in a bakin kasuwa aka cire haƙorin da kayan da ba a dafa ba, ita kanta cirewar na iya zama ƙofar shigar cutar.

Yadda za a gane ta: riƙewar ba ta tsaya a gefen da aka yi aiki ba, duka biyu ne. Wuya ya sandare, haɗiya ta yi wuya, ciki ya yi tauri kamar katako, fuska ta ja kamar mai murmushin dole. Daga nan sai jiki ya riƙa fizga yana banƙarewa, ƙarar ƙofa ko hasken tocila ma na iya tayar da shi, alhali mutum yana cikin hankalinsa sarai, yana jin duk abin da ake faɗa. A nan ne ake cewa iska, a tafi neman hayaƙi. Asibiti za a kai shi nan take, a gaya wa likita duk wani rauni da ya ji a watan, kome ƙanƙantarsa. Ba a ɗaukarta daga mutum zuwa mutum, don haka masu jinya kada su guje shi. Wanda ya yi ta ya warke kuma bai tsira daga sake yi ba, sai ya yi rigakafi. Allurar nan tana cikin waɗanda ake yi wa jarirai, ana kuma yi wa mata masu ciki a awo. Mu maza manya mu ne ba mu damu ba. In muka tambaya a zauren nan wa ya san ranar da aka yi masa ta ƙarshe, hannu nawa za a ɗaga?

Kalma biyu game da yara. Yaron da ya faɗo ta haɓa, daga mangwaro ko daga babur, gaɓar gaban kunnen nan na iya fashewa ba a sani ba, ta warke a manne, bakin ya riƙa raguwa a hankali shekara da shekaru, haɓar ma ta ƙi girma. In kun ga yaro yana tura abinci ta gefen baki, ku gwada shi da yatsunsa uku. Sai kuma ciwon noma, mai farawa da gyambo a dasashin yaro ɗan shekara 2 zuwa 6, musamman mai tamowa ko wanda ya tashi daga ƙyanda, ya ci kumatu cikin 'yan kwanaki. Waɗanda suka rayu da yawansu tabo kan kulle musu baki. Akwai asibiti musamman domin wannan a Sakkwato tun 1999, kuma a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Dattijo kuma da bakinsa ke raguwa ba a taɓa masa haƙori ba, ga gyambon da ya wuce mako uku bai warke ba, shi ma a duba shi da wuri, don ciwon daji kan fara haka.

Mu a Jos ba mu da uzurin nisa. Ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos a Lamingo, ga asibitin ƙwararru na jiha, ga Jankwano, ga kuma cibiyar nazarin lafiyar baki ta ƙasashen Afirka da aka kafa a garin nan. Mun san kuɗi ne ke kai mutum wurin mai cire haƙori na bakin titi, ba mu raina wannan ba, mu ma aljihun ɗaya ne. Amma a lissafa da kuɗin gado da na ƙarin ruwa in abu ya ɓaci. Wanda bakinsa bai kai yatsa biyu ba bayan mako guda, ko ya kai mako biyu bai koma daidai ba, ya koma wurin wanda ya yi masa aikin, ya riƙe katinsa da kwalayen duk maganin da ya sha, har da na gargajiya, kada ya ji kunyar faɗa. Wanda kuma bakinsa bai cika buɗuwa ba, in za a yi masa tiyata ko ta mece ce, ya gaya wa mai ba da maganin barci tun kafin ranar, domin ta baki ake zura bututun numfashi.

Shugaban taro, a nan za mu tsaya. Mun ga Baba a can baya tun ɗazu yana gwada yatsu uku, to bari mu fara karɓar tambaya daga wurinsa.