Masu Gadin Maƙogwaro

Mutanen Gesse, da Birnin Kebbi, da Argungu, yau maganarmu a kan maƙogwaro ce.

Ku sani a wuyan mutum hanya biyu ce, ta abinci da ta numfashi, kuma bakinsu ɗaya. Allah ya sa musu masu gadi, watau waɗansu jijiyoyi sirara ƙwarai, ba na jini ba, na kai labari ga ƙwaƙwalwa. Su ne ke gaya maka ƙayar kifi na cikin loma tun ba ka haɗiye ba.

Masana sun duba irin jijiyoyin nan a bakin ɓera da maƙogwaronsa da madubin likita, gama ginin jikinsa ya yi kusa da namu. Sa'ad da aka taɓa jijiyar, wani gishiri, kalsiyam, wanda ke ƙarfafa ƙashi, yakan shiga cikinta. A shekarar 1997 wani masani a Amurka, David Julius, ya gano ƙofar da yajin barkono ke buɗe masa. Cikin waɗansu jijiyoyin kuwa akwai furotin iri iri, kamar kalbindin da kalretinin, masu kama kalsiyam ɗin don kada ya taru ya yi ɓarna. Da labari ya isa ƙwaƙwalwa, sai a rufe hanyar numfashi, abinci ya wuce. In wani abu ya ɓace hanya, sai tari ya fitar da shi.

To, ga inda muka nufa. Uwar da ke yi wa yaro ɗura, ta toshe masa hanci yana kuka, ta fi ƙarfin masu gadin nan. Yaron zai ja numfashi ta baki, kunu ya bi iska ya faɗa huhu. Daga nan sai zazzaɓi da ciwon huhu, wani lokaci har mutuwa nan take.

Saboda haka a bar ɗura. A zaunar da yaro, a ba shi da cokali kaɗan kaɗan. Haka kuma za a yi wa tsoho mai shanyewar ɓarin jiki, kada a shayar da shi a kwance. Wanda duk ke yawan ƙwarewa wajen sha, ko ƙaya ta maƙale masa, kada a tura ta da tuwo. A kai shi wurin malamin asibiti, in ya ga abin ya fi ƙarfinsa zai aika da ku Asibitin Sa Yahaya.

Allah ya ba mu lafiya, amin.