KASO DA SHIGA SOJA: JAWABI GA SAMARI

Wani tsohon magatakardan gidan shari'a ya yi ma samari jawabi a ajin yaƙi da jahilci. Tambayar da suka kawo mishi ita ce: wanda aka taɓa kamawa da ƙwaya, yana iya shiga soja?

Ya ce a fara rarrabe abu biyu, kamu da hukunci. Ƴan sanda ko jandarma suna iya kama yaro da tramol ko tabar wiwi, ya kwana a hannunsu, a yi bincike, a sake shi. Wannan kamu ne kurum. Ba a rubuta shi cikin takardar kasiye. Abin da ake rubutawa shi ne hukuncin alƙali. Dokar yaƙi da ƙwayoyi ta Nijar, mai lamba 99-42 ta shekarar 1999, ta haramta sha da sayarwa duka, amma hukuncin mai sayarwa ya fi nauyi ƙwarai.

Ya ce mai son shiga soja sai ya haɗa takardu: ta haihuwa, ta zama ɗan ƙasa, da kasiye. Kasiye ana karɓar ta a gidan shari'ar yankin da aka haifi mutum. Wanda aka haifa a Tasawa ba zai same ta a Tawa ba. Kuma tana tsufa: in ta wuce wata 3, sai a nemi sabuwa. In alƙali ya taɓa ɗaure mutum, takardar za ta faɗa. A nan ne ƙofa take rufewa, don ana neman mai halin kirki. Bindiga ba a miƙa ta ga kowa.

Wani saurayi ya ce: "To, Baba, wanda aka saka ba hukunci, shi ke nan ya tsira?"

Ya amsa: "Ɗana, takardarka fara ce. Amma likita zai duba ka, kuma za a gwada ka da gudu. Jikin da ya saba da tramol ba ya ɓoyuwa."

Sai ya daɗe kan maganar ƙarya, don ita ta fi damun shi. Akwai masu cewa a ba su kuɗi su gyara takarda, ko su canza suna da shekarar haihuwa. Iyaye har akuya suke sayarwa su biya. Ya ce wannan sabon laifi ne, ya fi na farko, kuma asalin hukuncin yana nan ajiye a gidan shari'a.

Wanda aka ɗaure, ya ce doka ta bar mishi hanya. In ya gama kasonsa, ya biya tara, ya yi shekaru ba wani laifi, yana iya roƙon shari'a ta wanke sunansa. Sai dai ɗaukar soja tana da iyakar shekaru, kuma jiran yana iya cinye su. Don haka ya je wurin magatakarda tun yanzu, ya tambayi ranar da zai iya kai roƙon.