Koyar da Ɗalibanmu Binciken Ilimin Halittu: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai





An umurce ni da in yi bayani a kan yadda za a koya wa ɗaliban kwalejoji da jami'o'inmu gudanar da bincike a fannin ilimin halittu. Ina godiya da wannan karamci, duk da cewa a zauren nan akwai waɗanda suka fi ni sani, su ne ma suka koyar da ni.

Jama'a, kowa ya san halin da ake ciki. Ɗalibi zai yi shekara uku yana haddace sassan fure da na kwaɗo, sai a shekarar ƙarshe a ce ya kawo kundin bincike. Ba a taɓa nuna masa yadda ake yi ba. To, me zai yi? Sai ya nemo tsohon kundin wani, ya sauya sunan gari da shekara, ya miƙa. Gobe shi ne jami'in gona, shi ne mai duba lafiyar ruwan sha, shi ne zai rubuta rahoton da gwamnati za ta yi aiki da shi. Wanda ya saba ƙirƙiro alƙaluma a makaranta, ba a ofis zai daina ba.

A nawa ra'ayi, bincike sana'a ce kamar ƙira ko saƙa, da hannu ake koyonta a gaban gwani. Kuma ba sai da tsadaddun na'urori ake fara ta ba. Gregor Mendel, wanda ya gano ƙa'idojin gadon halitta, a lambun gidan ibada ya yi aikinsa a garin Brno, daga 1856 zuwa 1863. Jarinsa shi ne wani irin wake, da haƙuri, da ƙidaya. Ya wallafa sakamakonsa a 1866, ba a kula da shi ba sai a 1900.

Bari in kawo misali daga rumbunmu. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, Nijar na biye da ita. Babban abokin gaban wake a wurin ajiya shi ne ƙwaron nan da muka sani. Macen takan liƙa ƙwai a jikin ƙwaya, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta huda ciki ta cinye, bayan kamar mako uku zuwa huɗu ta fito cikakken ƙwaro, ta bar rami. Don gudun hasara, wasu 'yan kasuwa kan zuba maganin ƙwari mai guba. Saboda haka ne Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya a 2015, mu kuma a gida muna ci. Ga matsala a ƙofar ɗakin kowane ɗalibi. Da ita malami zai iya koyar da abubuwa huɗu.

Na farko, tambaya. Ba a cewa "zan yi bincike a kan wake", wannan ya yi faɗi. A taƙaita ta: tsakanin toka, da garin ganyen darbejiya, da rufewa ruf ba shigar iska, wanne ya fi hana ƙwaro ɓata wake cikin mako shida? Tambayar da za a iya amsawa da ƙidaya, ita ce tambayar bincike.

Na biyu, ma'auni. Ɗalibi ya shanya waken a rana mai zafi don kashe abin da ke ɓoye a ciki, ya zuba a ƙananan kwalabe daidai wa daida, ya sa ƙwari goma a kowace. Wasu a gauraya da toka, wasu da darbejiya, wasu a cika su a toshe, sauran kuwa a ɗaure bakinsu da ƙyalle. Amma dole a ware wasu kwalabe da ba a yi musu komai ba sai wake da ƙwari. Waɗannan su ne shaida. In babu su, ko da ƙwarin sun mutu a cikin toka, ta yaya zai san ba zafin ɗaki ne ya kashe su ba? Nan ne ɗalibai da yawa suke tuntuɓe.

Na uku, maimaitawa. Kwalba ɗaya ba hujja ba ce, domin tana iya tsagewa ko ƙwarinta su kasance raunana. A yi kowane nau'i sau biyar, kwalabe ashirin ke nan, a jefa ƙuri'a wajen jera su don kada wasu su tare wurin inuwa. Bayan mako shida a ɗebi ƙwaya ɗari daga kowace kwalba, a ƙirga masu rami.

Na huɗu, kuma mafi girma, amana. Ɗalibi ya riƙe littafi guda, ya rubuta abin da ya gani a ranar da ya gan shi, da alƙalamin da ba ya goguwa. In sakamako ya saɓa wa abin da yake tsammani, ya rubuta hakan. Malami kuma ya ba shi maki a kan tsarin aikinsa da gaskiyarsa. Ranar da malami ya rage wa ɗalibi maki don darbejiya ba ta yi aiki ba, ranar ya koya masa ƙarya.

Kada wani ya raina irin wannan gwaji. Buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda manoma suke ajiye wake a ciki ba tare da magani ba, daga irinsa ya samo asali. Masanan Jami'ar Purdue ta Amurka da takwarorinsu na arewacin Kamaru ne suka faro aikin, aka soma yaɗa buhun a 2007. Sirrinsa dai shi ne hana ƙwaro iska.

'Yan uwa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kafin ɗalibi ya kai kwaleji, ta sakandare yake bi. Don haka ina roƙon wannan ƙungiya abu biyu. Mu tanadar wa ɗakin gwaje-gwajen makarantarmu ma'aunin nauyi, da madubin duba ƙananan halittu, da kwalabe, da littattafan rubutu. Sannan waɗanda suke koyarwa a manyan makarantu daga cikinmu su riƙa zuwa sau ɗaya a kowane zango, su zauna da ƙannenmu su duba gwajin da suka yi da hannunsu. Ina fatan kwamitin ilimi zai sa wannan a cikin kasafin bana.