MAGANAR RABA ƘASA DA MATSAYINMU MAZAUNA KUDU: JAWABIN SAKATAREN ƘUNGIYA A TARON WATA-WATA

 

Shugabannin ƙungiya sun umarce ni da in yi bayani a kan maganar raba ƙasa, wadda takan lafa kuma ta sake tasowa, saboda duk lokacin da ta taso mu mazauna Kudu ne hankalinmu ke fara tashi. Mai shago ya rasa ko ya saro kaya ko ya dakata, mai iyali kuma ya shiga tunanin tura yara gida.

Da farko ya kamata mu sani cewa babu wani ɓangare na ƙasar nan da bai taɓa yin wannan kira ba. A shekarar 1966 mutanen Arewa ne ke cewa "a raba". Ranar 30 ga Mayu, 1967 Ojukwu ya ayyana ƙasar Biyafara, aka gwabza yaƙi har zuwa Janairun 1970. Bayan soke zaɓen 12 ga Yuni, 1993 ƙasar Yarabawa ta harzuƙa, aka kafa ƙungiyar OPC a 1994. MASSOB ta fito a 1999, daga baya IPOB ta biyo baya. Ruwa ba ya tsami banza. Kowane kira daga cikin waɗannan yana da ɓacin rai a bayansa, ko jinin da aka zubar, ko zaɓen da aka ƙwace, ko talauci da rashin aikin yi. Kada mu raina koken maƙwabcinmu, domin farashin shinkafa da rashin wutar lantarki ba su tambayar mutum ƙabilarsa.

Inda matsalar take shi ne yadda ake juya fushin. Talaka ba ya iya kaiwa ga wanda ya ci kuɗin hanya ko na asibiti, amma yana iya kaiwa ga mai sayar da albasa a bakin kasuwa. Sai ɗan siyasa ya nuna masa baƙo ya ce ga mai laifi. Mun ga haka a Shagamu cikin Yulin 1999, aka yi ramuwar gayya a Kano cikin watan. Mun gani a Idi-Araba ta Legas a 2002, mun kuma gani a kasuwar Shasha ta Ibadan cikin Fabrairun 2021, inda saɓani tsakanin mutum biyu ya cinye shaguna da rayuka. Duka-duka launin fatarmu ɗaya ne, amma an mayar da harshe da sutura alamar da ake gane wanda za a far wa.

Ga masu ganin rabuwa ita ce magani, sai su dubi Sudan. A can rigimar har da batun launin fata da jinsi, ana cewa waɗannan Larabawa ne, waɗancan baƙaƙe. Cikin Janairun 2011 mutanen kudancin ƙasar suka zaɓi ɓallewa da ƙuri'a fiye da kashi 98 cikin 100, suka sami ƙasarsu ranar 9 ga Yuli. Waɗanda suka fara ɗanɗana kuɗarsu su ne 'yan kudu da ke zaune a Hartum, wasunsu a can aka haife su, domin doka ta cire musu zama 'yan ƙasa, suka wayi gari baƙi a unguwannin da suka girma. Sannan cikin Disambar 2013 yaƙi ya ɓarke a sabuwar ƙasar tsakanin ɓangaren Salva Kiir da na Riek Machar, ya koma na Dinka da Nuwer. Jama'a, idan aka raba Nijeriya, mu ne za mu zama kamar waɗancan mutane na Hartum. Sabon Ibadan tun 1916 take, akwai gidajen da kaka da jika duk a nan Kudu aka yanke musu cibiya.

To mene ne garkuwarmu bayan Allah? Ita ce kundin tsarin mulki na 1999. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan ƙasa ikon zirga-zirga da zama a duk inda ya so cikin Nijeriya. Sashe na 42 ya hana a nuna wa mutum bambanci saboda ƙabilarsa, ko asalin garinsu, ko addininsa. Sashe na 43 ya ba shi ikon mallakar fili ko gida a ko'ina. Saboda haka babu wani mutum ko ƙungiya da doka ta ba ikon ba wa wata ƙabila wa'adin tashi. Gaskiya ne har yanzu takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma tana hana 'ya'yanmu guraben karatu da aiki a jihohin da aka haife su, kuma wannan shi ne abin da ya kamata mu riƙa kai wa 'yan majalisa kuka a kansa a rubuce.

Akwai magana mai ɗaci da dole in faɗa. Cikin Yunin 2017 wasu ƙungiyoyin matasan Arewa suka taru a Kaduna suka ba Inyamurai wa'adin barin Arewa kafin 1 ga Oktoba, kodayake sun janye daga baya. Wasu daga cikinmu sun yi murna a lokacin. Alhali sashen da ke kare mai shagon kayan mota a Sabon Garin Kano shi ne ke kare mai goro da mai shanu a nan. Duk wanda ya yarda a kori wani daga Kano ya sa hannu a kore shi daga inda yake. Idan kun yi waya gida, ku gaya wa 'yan uwa cewa ramuwar gayya a kan baƙo ba taimakonmu ba ce, ƙara mana wuta ce.

Daga ƙarshe ga abin da ƙungiya ke roƙon kowane magidanci. A yanki katin zaɓe a nan inda ake zaune, domin ɗan siyasa ba ya wasa da unguwar da ke da ƙuri'a. A adana takardun fili, da yarjejeniyar haya, da rasiɗin haraji, a ajiye kwafi wajen wani amintacce. Kada a tura hoto ko murya ta WhatsApp ba tare da an tabbatar ba. Idan saɓani ya faru a kasuwa, a sanar da Sarkin Hausawa da ofishin 'yan sanda nan take, kada yara su ɗauki doka a hannunsu. Wanda aka zalunta ya zo ofishin ƙungiya a rubuta masa koke zuwa Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. A kuma riƙa halartar taron unguwa da na masu gidaje, a je gaisuwar mutuwa da barkar suna wajen maƙwabta, saboda ranar tashin hankali wanda ya san ka shi ke buɗe maka ƙofa.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba shugabanni ikon yin adalci, ya tsare mana iyalanmu da dukiyoyinmu. Wassalamu alaikum.