Jawabin Shugaban Makaranta Mai Barin Gado a Bikin Miƙa Ragama

Wakilin Mai Martaba Sarkin Ƙaraye, ranka ya daɗe. Hakimai da dagatai, iyayenmu malamai, iyayen yara, Allah ya saka da alheri da kuka amsa gayyata.

Malam, magajina, kafin in damƙa maka makullai, rajista nake so mu buɗe. A shafi guda za ka ga ɗan Bahaushe manomi, da 'yar Fulani daga ruga, da ɗan Maguzawa wanda iyayensa ke zuwa coci ran Lahadi, da ɗan masunci da kifi ya kawo mahaifinsa bakin dam ɗin Challawa bayan an kammala shi a 1992. Ga kuma 'yan Rogo, masu kawu a Maƙarfi da gwaggo a ƙasar Katsina. Masarautar Ƙaraye da aka tsara a 2024 ƙananan hukumomi biyu ce kacal, amma a aji ɗaya sai ka ji bakin jihohi uku.

Zan faɗi laifina a bainar jama'a. Shekarar da na fara koyarwa, akwai yarinyar da ta yi zango guda ba ta ce uffan ba, har na rubuta cewa ba ta da ƙwaƙwalwa. Ashe Fulatanci take ji, ni kuwa ina ta zuba Hausa da Turanci. Ranar da na sa wani yaro ya yi mata tafinta, ta riga kowa gama lissafi. Mai ƙirga shanu tun tana ƙarama, tarawa da ɗebewa za su gagare ta? Tun 1989 aka kafa Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa, amma yaran ruga da yawa ajinmu suke shigowa, hukumar kuwa tana Kaduna.

Ka kasa kunne lokacin tara. Bakano da Bazazzagi su yi ta tsokanar juna, wannan wasan kakanni ne, ƙyale su. Amma in ka ji an kira yaro arne ko bagidaje, tsaya nan take, ko da malami ne ya faɗa. Shi wannan yaron ba ya kai ƙara. Sai dai ran Litinin ka ga bencinsa wayam, a ce maka ya tafi kiwo.

Malam, matso. Ga rajista, ga makullai. Allah ya taya ka riƙo.