Katmandu da Iskar da Ba Ta da Mafita

Duk wanda ya yi nazarin halin da Katmandu, babban birnin Nepal, ke shiga kowane hunturu, lalle zai fahimci cewa illar hayaƙi ba ta rataya ga yawansa kaɗai, domin Allah cikin hikimarsa ya ajiye birnin a kwari mai tsayin kimanin mita 1,400, tsaunuka sun kewaye shi ta kowace fuska. Daga Disamba zuwa Fabrairu, idan dare ya yi, iska mai sanyi takan gangaro daga tsaunukan ta kwanta a ƙasa, mai ɗumi kuwa ta hau bisanta kamar faifai a bakin ƙwarya, har hayaƙin motoci da na matoyar bulo da ƙurar hanya su rasa mafita, alhali yara da tsofaffi da masu ciwon asma su ne ke shaƙarsa tun asuba. Wannan al'amari yana damuna matuƙa. Bazara ma takan ƙaro hayaƙin gobarar daji. Sauƙi na haƙiƙa sai a Yuni, sa'ad da ruwan damina ya sauko ya wanke sararin, ya zarce har Satumba.