Murhu, Madatsa da Turke: Abin da Ke Sa Abu Ya Zauna da Gindinsa

Jawabin da wani malamin kimiyya ya gabatar a taron reshe na ƙarshen zango



A zangon da ya gabata ina koyar da darasi a kan yadda abubuwa ke tsayuwa ba su faɗi ba, sai wata yarinya ta ɗaga hannu. Ta ce ta duba ƙamus, ta tarar da kalmar Turancin da na rubuta a allo ita ce kuma ake kiran bargar doki da ita. Ta ce, "Malam, me ya haɗa doki da kimiyya?" Aji ya fashe da dariya, ni kuwa na koma gida da tambayar, kuma ita na kawo muku yau. Bahaushe bai tara wannan ma'ana a kalma ɗaya ba. Yana cewa daidaito, yana cewa ɗorewa, yana cewa kafuwa, natsuwa da zaman lafiya, yana kuma cewa abu ya zauna da gindinsa. Abin da nake so mu duba shi ne ko akwai igiya ɗaya da ta ɗaure su duka.

Mu fara daga madafa. Me ya sa murhu duwatsu uku ne? A kan biyu tukunya za ta kife. A kan huɗu kuwa, in ɗaya ya ɗan gaza sauran tsawo, sai ta riƙa gurgusawa. Uku kullum suna taɓa gindinta gaba ɗaya, ko da ƙasar ba ta miƙe ba. Masana kimiyya sun kasa tsayuwar abubuwa gida uku, kuma dukkansu suna tsakar gidan kowannenmu. Ka tsayar da taɓarya a kan bakinta, ka ɗan taɓa ta: ta faɗi, ba ta dawowa. Ka tura ƙwallo a daɓe: ta gangara ta tsaya inda ta ga dama, ko'ina ɗaya ne a wurinta. Amma ka ajiye ƙwarya a kan gindinta ka karkata ta: za ta yi lilo, ta yi lilo, sannan ta koma mazauninta. Wannan na ukun shi ake kira tabbataccen daidaito. Ku lura, ƙwaryar ta motsa. Abin da ya bambanta ta shi ne tana da inda take komawa bayan an girgiza ta.

Haka jikin ɗan Adam yake. Ko ana muku-mukun sanyin hunturu a Riruwai, ko ana zafin bazara a kasuwar Kwanar Ɗangora, ɗumin jikin mai lafiya yana nan kusa da digiri 37. Jiki bai sami wannan a ɓagas ba. In zafi ya yi yawa ya fitar da gumi, in sanyi ya kama shi ya yi makyarkyata. Daidaiton da muke gani a waje, aiki ne da ba ya yankewa a ciki.

Yanzu mu fita daga gida mu nufi bakin ruwa, domin mu mutanen wannan yanki ba ma bukatar a kawo mana misali daga nesa. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, kuma tana iya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Da ita ake noman rani a Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam. Duk wanda ya tsaya a kanta ya ga yadda gindinta ya fi samanta faɗi nesa ba kusa ba, domin nauyin ruwa yana ƙaruwa ne gwargwadon zurfinsa. Sannan an yi mata mazubi, inda rarar ruwa ke wucewa idan ta cika. Madatsar da ta ce ba za ta saki ko ɗigo ba, wata rana za ta saki duka.

Manya a cikinmu ba su manta da watan Agusta na 1988 ba, lokacin da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, madatsar Bagauda ta ɓalle. An rasa rayuka, gidaje da gonaki sun salwanta. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Kafin wannan rana, wanda ya bi ta hanyar zai ga ruwa kwance shiru, ya ce komai lafiya. Shiru ba shi ne shaidar ƙarfi ba. Abin da ya daɗe yana ɗauke da nauyi yana bukatar mai duba shi, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

To, ina doki a cikin wannan magana? A gidan sarauta akwai barga, akwai kuma Shamaki mai kula da dawaki. A gidan talaka akwai turken akuya da na saniya, akwai akurkin kaji. Kowane mai kiwo ya san cewa kafa turke bai wadatar ba. Dole igiyar ta yi tsawon da dabba za ta kwanta ta miƙe. Dole a yi rumfa saboda rana da ruwan sama, a share kashi, a ɗaga ƙasar wurin kada ruwa ya kwanta ƙafafu su ruɓe. Dole harawa da dusa da ruwa su zo a kan lokacinsu. Akuyar da ta saba samun dusarta da yamma, ko an sake ta da safe da ƙafarta take dawowa, tamkar ƙwaryar nan. Wadda aka bari da yunwa kuwa, ko ta cinye igiyar ko ta tumɓuke turken. Ashe yarinyar nan ta yi tambaya mai ma'ana: barga ita ce wurin da dabba ke natsuwa domin an cika mata sharuɗɗan zama.

'Yan'uwa, kun riga kun gane inda na dosa. Ana yawan ce mana ana son makarantu su zauna lafiya, mu ma abin da muke so ke nan. Amma zaman lafiyar makaranta yana kan duwatsu uku: malami mai natsuwa, yaro mai zuwa aji, da iyaye da hukuma masu tsayawa a bayansu. Malamin da bai san ranar da albashinsa zai shigo ba, ko wanda ƙarin girmansa ya tsaya a takarda, ko wanda aka ɗauke a tsakiyar zango ya bar 'yan aji shida rabin manhaja, taɓarya ce aka tsayar a kan bakinta. Haka kuma dattijon da ya ba da shekara 35 yana koyarwa bai kamata ya ƙare ƙarfinsa a bin sawun fansho ba. Faɗar waɗannan abubuwa ba neman fitina ba ne. Tun da aka kafa Ƙungiyar Malamai ta Nijeriya a 1931, aikinta shi ne ta zama mazubin da damuwar malami ke bi ta isa ga hukuma cikin tsari, tun kafin ruwa ya ci ƙarfin bango.

Sai dai kada mu nuna yatsa waje kawai. Ga yaron da ke zuwa daga ruga ko daga wani ƙauye a gefen dajin Falgore, wanda ya yi tafiya mai nisa da ƙafa, malami shi ne turken. In ya zo Litinin ya same mu, ya zo Talata ya tarar da aji babu kowa, ranar Laraba uban zai tura shi kiwo, kuma ba mu da bakin zarginsa. Abin da muke nema daga sama, shi yaro ke nema daga gare mu: ya san in ya zo zai tarar.

Saboda haka ina roƙon abu uku. Kowane wakilin makaranta ya rubuta matsalolin malamansa da sunaye da kwanan wata, ya miƙa wa sakatare kafin a koma hutu, domin hujja a rubuce ta fi ƙorafi a gindin bishiya. Kowannenmu ya riƙe rajistar ajinsa da gaskiya, ya kuma bi sawun yaron da ya yi mako bai zo ba. Sannan mu halarci taron reshe, mu biya kuɗin ƙungiya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga iyalanmu, matan malamai da mazajen malamai mata, ku ne dutsen da ba a gani a ƙarƙashin tukunya. Mun san abin da kuke jurewa a ƙarshen wata, Allah Ya saka muku da alheri.

Allah Ya zaunar da makarantunmu da gindinsu, Ya ba mu lafiya da zaman lafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.